Na ce wa taminal ya sauke fayil, ya ce ya gama, amma babu shi a laftof ɗina

Tambaya daga wani matashi a Ɗorayi, mai kula da shafin intanet na wata makaranta mai zaman kanta: "Yaya, ina aiki da taminal ɗin nan da ke buɗewa cikin Chrome, wato Google Cloud Shell. Na haɗa ajiyar shafin makarantar gaba ɗaya, da hotuna da sakamakon ɗalibai, ta kai mega 700. Na buga wget, ya cika ɗari bisa ɗari, ya ce ya adana. Na leƙa foldar Downloads ta laftof ɗina, wayam. Ina fayil ɗin ya shiga? Kuma yaya zan yi in sauko da shi da wannan sabis namu mai yawan yankewa?"

Ƙanena, kwantar da hankalinka, fayil ɗinka yana nan daram. Sai dai ba a Ɗorayi yake ba. Abin da ka sa wget ya yi, ya yi shi tsaf: ya ɗauko fayil ya ajiye a kwamfutar da yake zaune a kanta, ita kuwa wannan kwamfuta tana can wani ɗakin sanyi na Google, ƙetaren teku.

Ka san yadda 'yan Kantin Kwari ke yi da yaransu na Legas. Alhaji yana zaune a shago zai ɗaga waya ya ce, "Je ka karɓo mini dila goma." Bayan awa ɗaya yaro ya bugo, "Alhaji, sun shigo, na jera su." Ba za ka ga Alhaji ya waiwaya yana neman dila a bayansa ba, domin ya san a siton Legas aka jera su, kuma kafin su iso Kwari sai an kai su gareji, an biya kuɗin mota, an kwana a hanya. To, baƙin allon nan da kake gani cikin burauza, wayar Alhaji ce. Duk harafin da ka danna, burauza ce ke aika shi ta wata hanya da ba ta rufewa, wadda ake kira WebSocket, can kwamfutar ta yi aikin, ta maido maka da haruffa, wani ɗan shiri irin su xterm.js ya zana maka su a allo. Magana ce kawai ke kai-komo. Kaya ba sa bi ta wayar.

Da gangan aka yi hakan. Burauza ba ta yarda wani shafi ya miƙa hannu cikin faifan kwamfutarka ya ajiye abin da ya ga dama, in ba haka ba da kowane shafin 'yan damfara ya cika mana kwamfutoci da tsiya. Shi ya sa ma dabarar da na ga yara da yawa suna gwadawa ba ta ci: su buga `cp ajiya.zip C:\Users\Downloads`, su ga ba a yi musu ƙorafi ba, su ɗauka an gama. Linux, tsarin da waccan kwamfutar ke aiki da shi, bai san wani abu wai shi C: ba. Zai cinye sandunan nan da suka karkace, ya ƙirƙiro maka sabon fayil mai suna `C:UsersDownloads` nan kusa da na farko, ya cinye maka wani mega 700 na wurin ajiya a banza. In ka taɓa yin haka, buga `ls` ka gani, yana nan yana jiranka.

Kafin ka nemi mota, tabbatar da siton da kayan suke. Nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin sau da yawa kwamfutoci uku ne a cikin zancen, wato laftof ɗinka da Cloud Shell da sabar shafin, su kuwa biyu suke lissafawa. Dubi farkon layin da kake bugawa. Idan ka ga `@cloudshell`, kana kan Cloud Shell ɗin kansa. Idan kuwa daga nan ka yi `ssh` ka shiga sabar da shafin makarantar yake kai, sunan zai canja, kuma ka riga ka tsallaka wani gari, duk da cewa allon bai canja launi ba. Umarnin `hostname` zai faɗa maka inda kake, `realpath ajiya.zip` zai ba ka cikakken adireshin fayil ɗin tun daga tushe, `ls -lh` kuma zai nuna maka nauyinsa. Kwafi adireshin nan ka ajiye, kusan kowace hanya za ta tambaye ka shi. In fayil ɗin yana kan sabar ne, ka fita da `exit`, ka jawo shi Cloud Shell da `gcloud compute scp`, ko kuma ka buɗe tagar SSH ta sabar kai tsaye daga shafin Compute Engine, wadda ita ma tana da nata maɓallin saukewa. In kuma cikin kwantenar Docker ka haɗa ajiyar, wannan wani ɗaki ne a cikin ɗaki, sai ka fito da ita da `docker cp` tukuna.

Da zarar fayil ya zauna a foldar gida ta Cloud Shell, hanya mafi sauƙi ita ce ka buga `cloudshell download ajiya.zip`. Wani ɗan akwati zai fito ya tambaye ka, ka amince, burauza ta fara saukewa kamar yadda take sauke kowane abu. Haka nan akwai ɗigo uku a saman tagar, a cikinsu akwai Download, sai ka manna adireshin nan da ka kwafa. Na Amazon, wato AWS CloudShell, a ƙarƙashin Actions ne za ka ga Download file, kuma adireshinsa yakan fara da `/home/cloudshell-user/`. Na Microsoft, Azure Cloud Shell, yana da umarnin `download`. Masu aiki da Jupyter ko GitHub Codespaces su nasu ya fi kowanne sauƙi, jerin fayiloli na nan a gefen hagu, danna maɓallin dama na linzami ka zaɓi Download. Wanda kuma yake kan cPanel, allon sarrafa shafi da kamfanonin hosting ke bayarwa, kamar yawancin masu shafukan garin nan, ya bar taminal ya buɗe File Manager. Duka abu ɗaya suke yi: suna buɗe wata ƙofa daban, ta HTTPS, wadda ba ta da alaƙa da baƙin allon.

Idan ka danna ka ga shiru, abu biyu zan fara zargi. Ko burauza ta tare sabuwar tagar da ta so buɗewa, sai ka duba ƙarshen sandar adireshi ka ba ta izini. Ko kuma fayil ɗin ba naka ba ne. Ajiyar da aka haɗa da `sudo` takan zama mallakin root, wato babban akawun mai cikakken iko a kan kwamfutar, maɓallin saukewa kuwa da sunanka yake aiki, ba shi da ikon karanta abin da aka hana ka. Kwafo shi foldarka ta gida, ka mayar da shi naka da `chown`, sannan ka sake gwadawa.

Ka kuma san girman siton. Google yana ba ka giga 5 a foldar gida, da awa 50 a mako. Amazon giga 1 ne a kowane yanki, ka ga mai fayil ɗin mega 700 ba shi da wurin ajiye kwafi biyu. Duk abin da ka ajiye a wajen foldar gida, ana share shi idan zaman ya ƙare, ita kanta foldar gidan in ka yi kwana 120 ba ka leƙo ba za a iya share ta, a wajen Google da Amazon duka. Na Microsoft kuma in ka yi minti 20 ba ka taɓa komai ba zai katse ka. Wurin aiki ne na wucin gadi, kamar teburin mai shayi, ba a barin kaya a kai a tafi ƙauye.

Yanzu ga inda nake so ka ba ni hankalinka, domin wanda ya rubuta takardun bayanin waɗannan kamfanoni bai taɓa zama a Ɗorayi da ƙarfe ɗayan dare yana kallon fitilar MiFi tana komawa ja ba. A wurinsu mega 700 abin minti ɗaya ne. A wurinmu tafiya ce, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Fara da rage kayan. Buga `du -sh *` a cikin foldar shafin ka ga abin da ya fi cin wuri. Na yi imani wani kaso mai tsoka na mega 700 ɗin nan shara ce: tsofaffin ajiya da aka manta a ciki, foldar cache, fayilolin log da suka kumbura, in kuma akwai Node a aikin, `node_modules`, wadda kullum za ka iya sake girka ta da umarni ɗaya. Ka ware su tun wajen ɗauri, kamar haka: `tar --exclude=node_modules --exclude=cache -czf ajiya.tar.gz shafi/`. Sannan ka raba rumbun bayanai da hotuna. Abin da `mysqldump`, umarnin kwashe rumbun bayanai, ke fitarwa rubutu ne zalla, in ka bi da shi ta `gzip` yana matsuwa ƙwarai, ya koma ɗan mitsitsi. Hotuna da bidiyo kuwa an riga an matse su tun daga kyamara, ko ka sa su cikin zip sau goma ba za su rage komai ba. Amfanin rabawar shi ne, sakamakon ɗalibai, wanda shi ne ran makarantar kuma kullum yake canjawa, zai zama ƙaramin fayil da za ka iya saukewa kowane mako ko da sabis na rarrafe. Hotunan bikin yaye ɗalibai na bara kuwa sau ɗaya ka sauke su ka huta. In Windows kake amfani da ita ko waya, `zip -r` ya fi sauƙin buɗewa, amma 7-Zip yana buɗe tar.gz lafiya lau.

Abin da ya rage in har yanzu yana da nauyi, yanka shi. `split -b 50M ajiya.tar.gz kashi_` zai ba ka gunduwa-gunduwa: `kashi_aa`, `kashi_ab`, `kashi_ac`, har su ƙare. Mega 700 zai ba ka guda 14 ke nan. Kana sauke su ɗaya bayan ɗaya, in sabis ya yanke a na tara, na tara kawai za ka maimaita, takwas ɗin farko suna aljihunka. Wani lokacin burauza takan iya ɗorawa daga inda ta tsaya, amma wannan ya dogara da ko ɗaya ɓangaren ya yarda a nemi rabin fayil, kuma ban taɓa ɗora datata a kan wannan fatan ba. In sun kammala, a Linux ko Mac sai `cat kashi_* > ajiya.tar.gz`. A Windows, cikin Command Prompt, `copy /b kashi_aa+kashi_ab+kashi_ac ajiya.tar.gz`, kana jera su duka bi da bi. Kada ka manta da `/b` ɗin nan, shi ne ke gaya wa Windows cewa ba rubutu take haɗawa ba.

Bari in ba ka labarin abin da ya sa na zama mai naci a kan mataki na gaba. Wata shekara cikin azumi, wani mai shagon magunguna a Sabon Gari ya ba ni aikin kwashe bayanan shagonsa daga tsohuwar sabar, za mu rufe ta. Na bari sai bayan an dawo daga tarawihi, gari ya yi shiru, datar dare ta fi araha. An ɗauke wuta, na zauna a tsakar gida kan tabarma saboda zafi, laftof a cinya, waya na ba ta intanet, sauro na cizo. Na danna saukewa na jingina da bango, barci ya sace ni. Mai gangar tashin sahur ne ya farkar da ni. Na duba, ga fayil a folda, sunansa daidai, babu wani jan rubutu. Na ce alhamdulillahi, na koma taminal na goge na can, washegari muka rufe sabar. Sai bayan sallah da aka zo ɗora bayanan a sabon wuri, na buɗe fayil ɗin, allo ya ce mini `gzip: stdin: unexpected end of file`. Wato an zo ƙarshe ba a gama ba. Na duba nauyinsa, ya gaza abin da na gani a sabar da kusan mega hamsin. Sabis ya yanke ina barci, abin da ya samu shigowa aka rufe aka ba shi suna. Sati biyu muka yi da yaron shagon muna shigar da lissafin wata uku da hannu daga littafin rasit, ni kuwa kunya ta hana ni karɓar cikon kuɗina. Laifin ba na kowa ba ne, nawa ne, umarni ɗaya na ƙi bugawa.

Umarnin shi ne `sha256sum ajiya.tar.gz`. Zai ba ka wani dogon layi na haruffa da lambobi guda 64, wanda yake kamar zanen yatsan fayil ɗin: ko harafi ɗaya ya canja a cikin mega 700, layin zai fito daban gaba ɗaya. Ka buga shi can, sannan bayan ka sauke ka haɗe, ka buga a laftof ɗinka. A Windows, `certutil -hashfile ajiya.tar.gz SHA256`, ko `Get-FileHash` a PowerShell. Ba sai ka bi duka 64 ɗin da ido ba, duba takwas na farko da takwas na ƙarshe. Sun yi daidai, kayanka sun iso cif. Ba su yi ba, ka auna gunduwoyin ɗaya-ɗaya ka gano wadda ta samu rauni. Kuma kafin wannan awo, hannunka kada ya kusanci `rm`, umarnin gogewa.

Duk wannan na mai lalura ne, wanda burauza kaɗai gare shi. Tunda aikin nan naka ne na kullum, shawarata ita ce ka daina bi ta burauza wajen ɗaukar kaya masu nauyi. Windows 10 da 11 suna zuwa da `ssh` da `scp` da `sftp` a cikinsu. Abin lura ɗaya ne, kuma a nan ma ana yawan faɗawa rami: a taminal ɗin laftof ɗinka za ka buga su, ba a na burauza ba. Kai ne za ka je ka jawo, sabar ba za ta iya turo maka ba. Dalili kuwa, laftof ɗin da ke kan MiFi ko intanet ɗin waya ba shi da adireshin kansa a duniya, kamfanin layi yana cusa dubban mutane ne a bayan adireshi ɗaya. Kana iya fita ka je ko'ina, amma wanda ke waje ba shi da lambar gidanka. Saboda haka sai `scp suna@adireshin-sabar:/home/suna/ajiya.tar.gz .` daga ɓangarenka, ɗigon ƙarshen nan yana nufin "ajiye mini a nan." Ga Cloud Shell kansa, in ka girka gcloud, manhajar umarnin Google Cloud, a laftof, akwai `gcloud cloud-shell scp cloudshell:~/ajiya.tar.gz localhost:~/ajiya.tar.gz`.

Sai dai `scp` yana da hali ɗaya mara kyau, in ya yanke daga farko yake komawa. Wanda aka yi domin irin hanyarmu shi ne `rsync`, da Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996, zamanin da intanet ɗin Turawan ma da layin tarho take tafiya. `rsync -avP` yana riƙe abin da ya riga ya shigo, ka sake buga umarnin ya ɗora daga nan. Ya fi haka ma: in ka nuna masa folda, mako mai zuwa abin da ya canja kawai zai ɗauko, ka ga hotunan bara ba za su sake cin datarka ba. Ba ya zuwa da Windows, sai ta WSL, wato Linux ɗin da ake girkawa a cikin Windows. In ba ka son wannan wahalar, sauke WinSCP ko FileZilla, kyauta ne, allo biyu ne gefe da gefe, kana jan fayil daga dama zuwa hagu, kuma dukansu suna iya ci gaba daga inda aka tsaya. A cikin `sftp` kuma kalmar ita ce `reget`. Mai waya kaɗai ma ba a bar shi a baya ba: Termux a Android, ka buga `termux-setup-storage` don ya samu izinin ajiya, ka girka openssh da rsync da `pkg install`, shi ke nan. Na ga yaro a Farm Centre yana kwashe shafi sukutum da wayar da gilashinta ya tsage.

Akwai kuma hanyar zango, wato ka tura fayil ɗin ma'ajiyar kamfanin, Cloud Storage a Google ko S3 a Amazon, daga nan ka sauke. Tsakanin sabar da ma'ajiyar abin ƙiftawar ido ne, tunda duk a gidansu ne, kuma ba datarka ake ci ba. Daga can kuwa manhajojin saukewa suna iya tsayawa su ci gaba. A Amazon, `aws s3 presign` zai ba ka mahaɗi na wucin gadi, wanda in ba ka ce komai ba awa ɗaya yake yi ya mutu, iyakarsa kuma kwana 7. Wannan ita ce hanyar da nake bi in wani zan miƙa wa fayil. Ka dai tuna kamfanonin nan suna cajin kuɗin fitar da kaya daga wurinsu in ya yi yawa, kuma da dala suke lissafi.

Sai hanyoyin da za a ba ka shawararsu a majalisa, waɗanda ni ba na so. Ta farko, wani zai ce ka jefa ajiyar cikin `public_html` ka buɗe adireshin a burauza ka sauke. Tana aiki kuwa, shi ya sa take da haɗari. Duk wanda ya buɗe log ɗin sabar da ke kan intanet ya ga yadda wasu shirye-shirye ke yawo dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofa suna tambayar `backup.zip` da `.env` da makamantansu. Ba kai suke nema ba, kowa suke bi, kamar masu taɓa ƙofofin shaguna cikin dare ko za a dace da wadda aka manta ba a kulle ba. A cikin ajiyar nan taka akwai fayil ɗin da ke ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayanai, in WordPress ne `wp-config.php`, ga sunayen 'ya'yan mutane da ranakun haihuwarsu da lambobin iyayensu. Ta biyu, `python3 -m http.server 8080`. A cikin Cloud Shell da sauƙi, domin Web Preview yana bayan shigarka ta Google. A kan sabar da ƙofarta ke buɗe kuwa, ka baje duk abin da ke cikin wannan folda ga duniya ba tare da kalmar sirri ba, kuma yawancin masu kunna shi mantawa suke su kashe. Ta uku, shafukan nan na kyauta da ake tura musu fayil da `curl` su ba ka mahaɗi. Ba ka san mai su ba, ba ka san ranar da za su goge ba, ko ma in suna gogewa. Tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, kuma ko babu doka, amana ce makarantar ta damƙa maka. Haka nan in a kafe ko shagon buga takardu ka sauke, kwashe shi zuwa filashinka, ka goge na Downloads, ka zubar da kwandon shara, ka fita daga akawun ɗinka kafin ka tashi daga kujerar.

Na ce kaya ba sa bi ta wayar Alhaji, amma akwai 'yar dabara ga ƙaramin abu, ranar da ka samu kanka a taminal ɗin da babu maɓalli ko ɗaya. Umarnin `base64` yana mayar da kowane irin fayil haruffa, ka kwafe su daga allo, ka manna a Notepad, ka mayar da su fayil da `base64 -d`, ko `certutil -decode` a Windows. Kamar yaron Legas ne ya karanto maka takarda ta waya kana rubutawa. Yana ƙara nauyi da kashi ɗaya cikin uku, kuma kowane layi mai haruffa 76 bayit 57 kacal yake ɗauka. Xterm.js kuwa, in ba a canja masa ba, layi 1000 yake tunawa a baya, ka ga abin da ya haura kilobayit 57 kansa zai ɓace kafin ka kai ga wutsiyarsa. Ya isa ɗan fayil ɗin saituna ko takardar shaida, ban da ajiyarka. Wasu taminal ɗin, irin su ttyd, sun ɗauki wannan tunanin sun mayar da shi aiki sosai ta hanyar ZMODEM, tsohuwar dabarar da Chuck Forsberg ya ƙirƙiro a 1986: ka girka `lrzsz`, ka buga `sz` da sunan fayil, burauza ta gane alamar ta karɓe. In ka gwada a inda ba a shirya masa ba, shirme kawai za ka ga ya cika allo. Inda kuma ake amfani da Apache Guacamole, manhajar shiga wata kwamfuta ta burauza, kamar wasu ofisoshi, danna Ctrl da Alt da Shift tare zai fito maka da jerin fayiloli, in mai kula da wurin ya kunna SFTP. In bai kunna ba, wataƙila da gangan ne, je ka tambaye shi, kada ka nemi ta bayan gida.

Abu na ƙarshe da zan roƙe ka, domin zanen yatsan nan yana tabbatar maka ne kawai cewa abin da ke can shi ne ya iso nan, bai ce abin da ke can lafiyayye ba ne. In wurin ajiya ya cika ana tsakiyar ɗauri, ko zaman ya katse `mysqldump` bai gama ba, gurgun fayil za ka sauke, lambobinsa kuma su yi daidai tsaf. Saboda haka dogon aiki a kan sabar ka riƙa yin sa cikin `tmux`, yadda ko sabis ɗinka ya yanke shi yana can yana ci gaba, ka duba sauran wurin ajiya da `df -h` kafin ka fara. In ka gama saukewa, buɗe ajiyar a laftof ɗinka, ka ga hotuna suna buɗewa. Sannan ka gangara can ƙasan fayil ɗin rumbun bayanai, ko ka buga `zcat rumbu.sql.gz | tail -1` tun a can. Idan `mysqldump` ya kai ƙarshe lafiya, layin ƙarshe zai fara da `-- Dump completed on`, sai kwanan wata da lokaci. In ka ga ya tsaya a tsakiyar sunan wani ɗalibi, koma ka sake haɗawa tun sabar tana nan.